Ƙuna da allurar antibayotik: amsoshin tambayoyin masu jinya a Sakkwato

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakunan da ake kwantar da masu ƙuna a nan Sakkwato. Da zarar hunturu ya kama sai gadaje su cika: yaron da ya faɗa kaskon jin ɗumi, mai jegon da ruwan wanka ya kwaɓe wa, ɗan bumburutun da galan ya kama da wuta a hannunsa, matar da tukunyar gas ta tashi da ita, mai farfaɗiyar da ciwo ya kayar a bakin murhu. Wasu daga cikin gari, Mabera ko Runjin Sambo, wasu daga Tangaza, Isa ko Illela, har da 'yan'uwanmu na Ƙonni. Kusan duk saɓanin da muke samu da dangi a kan allurar antibayotik yake, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya: ko don ba mu yi ba, ko don mun canza, ko don mun tsayar. Ga tambayoyin kamar yadda ake yi mana su. Abin da na rubuta ba ya ɗauke wa kowa zuwa wurin likitan da zai ga ciwon da idonsa.

Me ya sa ƙuna ke saurin ruɓa fiye da yankan wuƙa?

Fata ita ce katangar jiki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yankan wuƙa tsaga ce siririya, a ɗinke a rufe. Ƙuna kuwa rushewar katanga ce, wani lokaci ɓangare guda sukutum. Muna auna faɗinta da tafin hannun shi mara lafiyan haɗe da yatsunsa: kowane tafi ɗaya kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Yaron da ruwan zafi ya wanke wa ƙirji da ciki ya riga ya haura tafi goma.

A sa'o'in farko mikin kusan tsaf yake, don zafin da ya ƙone fatar ya kashe ƙwayoyin cutar da ke samanta. Waɗanda suka ɓuya a gindin gashi da ramukan gumi su ne ke fitowa cikin kwana biyu, galibi nau'in Sitafilokokus, wanda ake taƙaitawa da istaf. Wannan istaf ɗin ba ruwansa da tatsuniyar ciwon istaf da masu tallan magani da lasifika ke shela a kasuwa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na yawo da shi a hanci lafiya lau. Bayan kamar mako guda sai wasu baƙi su iso daga hanjin mara lafiyan, daga ruwa, daga gado, daga hannayen mutane: Sudomonas, Kilebsiyela, Asinetobakta. Walima suke tararwa: mataccen nama, ruwan miki mai tsatsafowa, ga ɗumi. Ga shi kuma babbar ƙuna tana karya garkuwar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Wanda ya tsallake kwanakin farko, babban abin da muke jiye masa tsoro shi ne cuta ta shiga jini.

"Sista, mi as sa har yanzu ba a yi ma yaron ga allura ba?"

Wata dattijuwa ce ta tare ni da wannan tambaya a bakin ƙofa, washegarin ranar da aka kawo jikanta daga wajen Gwadabawa. Kunu ne ya zube masa a ciki da cinya. Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini kuɗi a nannaɗe, ta ce, "In kuɗi na, ga su nan, ɗiyata. Akuya munka saida." A ganinta rowa muke yi, ko kuma jira muke a miƙa mana na goro. Na ce, "Inna, mayar ki ɗaure. Za a buƙace su, amma ba don allura ba."

Ga dalilin. Duk maganin da ya shiga jiki, allura ce ko ƙwaya, jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ake so. Mataccen naman da ke saman ƙuna babu jini a cikinsa, zafi ya toshe jijiyoyin. Maganin zai zaga hanta, ya zaga ƙoda, ya zaga hanji, ya zo ya tsaya a bakin wurin da ake nemansa. Aikin da zai yi a hanya shi ne ya share ƙwayoyin da ke zaune lafiya a hanji da fata, masu sauƙin kai, ya bar wa masu taurin kai fili. Ranar da cuta ta gaske ta taso, a mako na biyu ko na uku, sai a tarar maganin da aka ɓarnatar a makon farko ba ya cinta.

Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. An sha kwatanta waɗanda aka ba antibayotik tun ranar farko da waɗanda ba a ba su ba, kuma ba a ga yana hana mikin kamuwa ba. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar masana ƙuna ta duniya ta fitar a 2016 suka ce a guji ba da shi don rigakafi ga sabuwar ƙuna.

Abin da yaron nan yake buƙata a ranar shi ne ƙarin ruwa daidai lissafin nauyinsa da faɗin ƙunar, maganin rage zogi kafin a taɓa shi, allurar tetanus mai hana sarƙewar haƙora, wankin ciwo, man shafawa, da abinci. Duk an yi masa su. Kuɗin akuyar a bandeji da ƙwai suka tafi.

Ke nan ba a ba mai ƙuna antibayotik sam?

Ana ba shi mana. Ana ba shi in mikin ya kamu da gaske, ko cuta ta sauka a huhu, a fitsari, ko a jini. Ana ba shi na ɗan gajeren lokaci in za a shiga da shi tiyata. Kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana sun kwana bakwai ko goma a gida, mikin ya riga ya yi wari. Su ba a jira da su. In cuta ta shiga jini ma, jinkiri ne haɗarin: a ɗebi jinin gwaji, a fara allura nan take.

Me ake nufi da cuta ta bijire wa magani? Jikinsa ne ya saba da maganin?

A'a, ba jiki ba ne ke sabawa, ƙwayar cutar ce ke canzawa. Shi ya sa jaririn da bai taɓa shan ko ƙwaya ɗaya ba zai iya ɗaukar cutar da magani biyar ba sa ci.

Manomin da ke feshin wake ko albasa a fadama ya san zancen. In ya tsinka maganin da ruwa don ya isa gonar duka, ƙwari masu rauni su mutu, masu ƙarfi su sha su miƙe, su hayayyafa. Baɗi sai ya ga kamar ruwa yake fesa musu. Bambancin kawai, ƙwaro sai ya yi makonni kafin ya haihu, bakteriya kuwa in ta samu wuri mai daɗi tana iya rabewa biyu cikin minti 20 zuwa 30. Sannan suna ara wa juna dabara: wadda ta iya narkar da magani tana iya miƙa wa maƙwabciyarta ɗan ƙullin halittar da ke ɗauke da sirrin, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Manya sun tuna lokacin da kulorokwin ke tayar da mai zazzaɓi cikin kwana uku, sun kuma ga yadda ya daina aiki har Najeriya ta sauya shi a 2005. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, amma hanyar ɗaya ce.

Abin mamaki, ƙuna na cikin ciwukan farko da aka gwada penisilin a kansu. Alexander Fleming ya gano shi a 1928. A 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa a birnin Boston na Amurka, ta kashe mutum 492, aka yi wa wasu daga cikin waɗanda suka tsira allurarsa tun yana sabon abu mai wuyar samu. A 1945 Fleming da kansa ya yi gargaɗin cewa shan sa ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Haka kuwa aka yi. Aka ƙirƙiro wani sabon magani don istaf mai jure penisilin, a 1961 aka samu istaf mai jure shi ma a Ingila. Shi ne MRSA da kuke gani a takardar gwaji. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina asarar rai.

Jikinsa ya yi zafi rau. Wannan ba alamar cuta ba ce?

Wataƙila, wataƙila kuma a'a. Jikin mai babbar ƙuna kamar murhun da aka ƙara wa ice yake, yana ƙona abinci da sauri don ya gina sabuwar fata, saboda haka ɗan zazzaɓi da saurin bugun zuciya na iya zuwa ba tare da wata cuta ba. A nan kuma dole a duba maleriya kafin a zargi mikin.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne canji. Mikin da jiya yake ja mai sheƙi, yau ya yi ɗigo-ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa. Ƙunar da take sama-sama ta fara zurfi. Jan da ke gefen mikin yana yaɗuwa cikin lafiyayyar fata, da kumburi da zogi. Mara lafiya ya fara sambatu ko yawan barci, numfashi ya yi sama-sama, fitsari ya ragu, ciki ya kumbura, ya ƙi abinci. Sanyin jiki fiye da ƙima ma mugun alama ne, wani lokaci ya fi zafin muni. Mai jinyar da ke kwana a gindin gado ita ce ke fara ganin waɗannan, ta riga mu. Don Allah ki faɗa mana ko da tsakar dare ne.

Iyayen ƙananan yara su riƙe wannan: ƙuna ko da ƙarama ce, in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da amai, gudawa, ƙuraje ko kasala cikin 'yan kwanakin farko, a ruga da shi asibiti. Akwai dafin da istaf ke fitarwa mai kayar da yaro cikin sa'o'i.

Bandejin ya koma kore-kore, yana wani irin wari. Mene ne wannan?

Sa hannun Sudomonas ne. Tana fitar da launi tsakanin shuɗi da kore, da wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi wanda duk wanda ya yi aiki a ɗakin ƙuna yana gane shi tun daga ƙofa. Danshi take so: bokiti, buta, bakin famfo, tsumman goge ƙasa, katifar da robarta ta yage ruwa ya shige. Tun asali ba ta jin magunguna da yawa. Ampiclox, Augmentin, Septrin, har da Rocephin da mutane ke ɗauka sarkin allurai, duk ba sa yi mata komai.

Ganin kore ba lallai ya zama allura ba. In a saman mikin kawai take, ba ta kutsa cikin nama mai rai ba, sau da yawa yawaita wankin ciwo da sauya abin shafawa sun isa. Wani lokaci likita ya sa a riƙa jiƙa bandejin da ruwan tsami na asibiti da aka tsinka daidai gwargwado, don ba ta son tsami. A asibiti ake yin wannan, ba a gida ba.

Me ya sa za mu biya kuɗin gwaji, sannan a ce mu jira kwana uku?

Don shuka ake yi. Ana dangwalo ruwan mikin da ɗan tsinke mai auduga, ko a ɗebi jini, a kai ɗakin gwaji, a shafa a faranti mai wani abinci kamar daskararren koko, a sa a ɗumi. Washegari ƙwayoyin sun tsiro, a gane ko su wane ne. Sai a sake shuka su a wani farantin, a jera ƙananan takardu masu kamar maɓallin riga a kai, kowace ɗauke da magani daban. In gari ya waye, takardar da aka ga fili fayau a kewayenta, maganinta na ci. Wadda ƙwayoyin suka tsiro har jikinta, sun raina shi. A takardar sakamako za ku ga harafin S a gaban mai ci, R a gaban wanda aka bijire wa. Na sha riƙe takardar da R ya jeru daga sama har ƙasa, S ɗaya tak ko biyu.

Kafin sakamako ya fito, in mara lafiya ya jigata, likita zai fara da maganin da yake kyautata zato, sannan ya canza in takarda ta zo. Canjin ba ruɗewa ba ce, kuma ba dabarar cin kuɗinku ba ce. Wani lokaci ma daga mai tsada ake komawa mai araha.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ku faɗi gaskiyar abin da aka sha a gida, ku zo da kwalayen in da hali. Maganin da ke cikin jini yana iya hana komai tsirowa a faranti, a ce ba cuta alhali tana nan. Na biyu, kada ku ɗauki sakamakon ku kai wa mai kemis ya karanta muku. Kusan kowane mikin ƙuna in aka dangwala za a samu wani abu ya tsiro. Zaman ƙwayar cuta a saman miki daban, shigarta cikin nama daban, kuma ido da hannun likita ne ke rarrabewa.

Muna da hali. Me zai hana a fara da mafi ƙarfin allura tun farko?

Wani Alhaji ya taɓa ce wa likitanmu, "Ranka shi daɗe, a yi mata wadda ta fi kowace tsada." Niyyarsa kyakkyawa ce. Amma antibayotik ba a jere suke kamar matakala ba, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi. Kowane da irin ƙwayar da yake ci. Mai araha da ya dace ya fi mai tsada da ya kuskure.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba su gida uku: na yau da kullum irin su amoksisilin, waɗanda ake sa wa ido irin su seftiriyazon, sifuro da meropenem, sai na ajiya irin su kolistin, waɗanda ba a taɓawa sai komai ya ƙare. A shekarar ce kuma ta fitar da jerin ƙwayoyin da suka fi gagara, Asinetobakta da Sudomonas masu jure dangin meropenem suna sahun farko a lokacin, wato dai baƙin nan da ke sauka a ɗakin ƙuna. In aka fara da meropenem ba dalili, aka koya wa Asinetobakta jure shi, abin da ya rage shi ne kolistin, tsohon maganin da likitoci suka jingine shekaru da yawa saboda yadda yake cin ƙoda. Shi ma a 2015 an ba da rahoton samun ƙwayoyin da ke miƙa wa juna dabarar jure shi a ƙasar Sin.

Kuma kowane na da nasa sharrin. Jentamaisin na iya taɓa ƙoda da ji. Mai faɗin aiki, wato mai cin ƙwayoyi iri-iri, in an daɗe ana yi yana kawo gudawa, yana buɗe wa fangas ƙofa, farin nan da ke fitowa a baki da kan miki. Garin gyaran gira a rasa ido.

A gida mun fasa kafso mun barbaɗa a kan ciwon. Mun yi kuskure?

Kun yi, kodayake ba ku kaɗai ba ne. Garin ja-da-yalo ko na Ampiclox ba don miki aka yi shi ba. Yana dunƙulewa da ruwan ciwon ya zama ɓawo, cuta ta yi ta aikinta a ƙarƙashi, kuma ɗan abin da ya narke bai isa ya kashe ba, ya dai isa ya horar. Haka man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, baƙin mai, toka, gishiri, garin rogo. Kashin shanu kuwa gayyatar tetanus ce. Shuɗin maganin nan da ake kira jibi (GV) yana rufe launin mikin har mu kasa gane zurfinsa. Duk waɗannan sai mun kankare su kafin mu fara aiki, kuma yaron ne ke shan azabar.

Abin yi shi ne ruwa. A kashe wutar, a cire tufafin in ba su manne ba, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a yi ta kwarara ruwan famfo ko na randa mai tsabta a wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara. A lulluɓe sauran jikin, musamman yaro a hunturu, kada sanyi ya kama shi. Kada a fasa bororo. A rufe da tsabtataccen zani a nufi asibiti. In ƙunar ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaba ko gaɓoɓi, in ta lantarki ce ko ta asid, in an shaƙi hayaƙi, ko fatar ta yi fari ko baƙi ba ta zafi, wannan ta babban asibiti ce, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru.

Zuma fa?

Zuma waraka ce, Alƙur'ani ya faɗa, kuma bincike ya nuna tana taimaka wa ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta warke. Likitoci da yawa a Najeriya na wankin ciwo da ita. Sai dai ba ta maye gurbin tiyata a ƙuna mai zurfi, ba ta bin cuta cikin jini, kuma abin da ake sayarwa a tasha da sunan zuma sau da yawa narkakken sukari ne. A bari ma'aikata su zaɓa su shafa.

Farin man nan da kuke shafawa, mu saya mu ajiye a gida?

Dermazin ke nan, haɗin azurfa da maganin salfa da aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1960. Yana da amfani a wurinsa, amma ba na kowa ba ne. Wanda Septrin ko Fansidar ke yi wa ƙaiƙayi ya faɗa. Ba a so a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba ko mai tsohon ciki, ba a cika sa shi a fuska ba, kuma a ƙuna ta sama-sama yana iya jinkirta warkewa.

Likita ya ce za a yanke fatar a ɗebo wata daga cinya. Ba za a iya yi da magani kawai ba?

Wannan ita ce tambayar da dangi suka fi jan ƙafa a kanta, kuma jan ƙafar na cin rai. Ƙuna mai zurfi ba ta da sauran tushen da sabuwar fata za ta tsiro daga gare shi. Muddin mataccen naman na nan, rumbun cuta na nan, kuma na riga na faɗi cewa allura ba ta isa can. Wata likita a ƙasar Sulobeniya ta Turai, Zora Janžekovič, ita ce ta nuna wa duniya a wajajen 1970 cewa fere mataccen naman da wuri a rufe da dashen fata ya fi zaman jiran ya ɓare da kansa. Fatar da ake ɗebowa siririya ce ƙwarai, wurin yakan warke cikin kamar mako biyu. Kowane makon da aka ƙara ana shawara da kawu da baffa a ƙauye, mikin na buɗe, sababbin ƙwayoyi na sauka, kuɗin allura na hawa, gaɓoɓi kuma na ƙagewa.

Me ya sa kuke hana 'yan dubiya shiga? Dubiya ai sunna ce.

Sunna ce, kuma ba mu hana addu'a ba. Amma mutum goma sha biyar su sauko daga mota, su zauna a bakin gado, kowa ya dafa mara lafiya, wannan ya ɗaga bandeji ya leƙa, sannan don zumunci su zaga sauran gadaje suna "Allah shi ba da lafiya" da musabaha, to sun kwashi na gado na ɗaya sun kai wa na shida. Asinetobakta na iya yin makonni a raye a kan busasshen ƙarfen gado ko bayan waya. Mutum ɗaya ko biyu su shiga a madadin kowa, su wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita. Mai mura ko gudawa ya yi dubiyarsa ta waya. Mai jinya kada ta ari buta, bokiti ko tawul daga maƙwabta, ta saukar da gidan sauro ko da rana saboda ƙuda.

Gaskiya ɗaya ce, laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Na ga ranar da famfo ya ƙafe, na ga ma'aikaci ya wuce daga gado zuwa gado da safar hannu ɗaya, na ga an rubuta allura don kawai a huta da ƙorafin dangi. Ni ma ba zan ce ban taɓa gaggawa ba. Najeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa na yaƙi da bijirewar magani a 2017 ƙarƙashin jagorancin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, amma takarda ba ta wanke hannu. In kin ga zan taɓa ɗanki ban wanke nawa ba, ki ce, "Sista, ga ruwa." Ba rashin kunya ba ne.

Kuɗi sun ƙare a tsakiyar allurai. Mu riƙa yin ɗaya maimakon uku, ko mu sayo mai araha a kasuwa?

Kada a yi ko ɗaya a ɓoye. Tsallake allura shi ne tsinka maganin feshi da na ba da misali. Jikin mai babbar ƙuna ma yakan fitar da magani ta fitsari da sauri fiye da na sauran mutane, shi ya sa adadinsa kan fi yawa, shi ya sa kuma muke tashinsa ƙarfe biyun dare. Na kasuwa, wanda ya sha ranar Sakkwato a kan tire ko bayan mashin, ko jabu ne ko zafi ya kashe shi, ba mai iya ganewa da ido. Ku saya a kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In abin ya fi ƙarfinku ku gaya wa likita ƙarara; sau da yawa akwai wani a jerin masu S da ya fi sauƙi, ko a mayar da shi na haɗiya in ya samu sauƙi. Ranar tsayarwa kuma likita ne ke yanke ta. In ya ce ya isa a kwana bakwai, ƙarin kwana bakwai ba ƙarin lafiya ba ne.

An ce ƙwai, gyaɗa da nono na sa miki ya yi mugunya.

Ba sa sawa. Su ne ma tubalin da jiki ke gina fata da su. A ba shi ƙwai, wake, kifi, nama, fura da dafaffen nono, kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Mai ƙunar da ya rame shi ne wanda cuta ke kayarwa.

An sallame mu, ga ragowar magani. Mu ajiye don gaba?

A'a. Ku mayar wa masu ba da magani na asibiti, kada ku ba maƙwabci, kada ku zuba wa kaji ko awaki. Abin da dabba ta sha yana horar da ƙwayoyin cikinta, su kuma dawo mana ta nama, nono da taki. Ku riƙe takardar gwajin da aka yi masa. In ya sake kwanciya a wani asibiti cikin watanni masu zuwa, ku nuna ta tun a ƙofa, don mai yiwuwa ƙwayar nan mai jerin R tana tare da shi har yanzu. Ranar wankin ciwo kuma ku zo ko da mikin ya yi kyau a ido. In kuka ga ruwa ya dawo, ko wari, ko dashen ya fara ɗagowa daga gefe, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati.